Takardar da Na Rubuta a Kan Ƙungiyar Maigidana

A cikin ƙungiyar nan na sami maigidana, kamar yadda na same shi da ciwon gyambon ciki da son rediyo. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a lokacin, ni kuma ina koyarwa a firamare, muka tare a wani ɗan gida a Tudun Wadar Zariya, inda muke har yau. Asabar ɗin farko ta kowane wata, in an yi azahar, sai ya yi wanka ya sa farin kaftani, ya buɗe wani tsohon gidan tabarau ya ɗauko ɗan baji na ƙarfe mai hoton hannaye biyu riƙe da juna. Ba ya maƙala shi a gida, a aljihu yake sawa. Ya tafi unguwar Kwangila inda suke taro, ya dawo kafin magariba. Ni na sa musu suna 'yan Asabar, tun ina faɗa da tsokana har yaranmu suka ɗauka.

Shekara talatin da wani abu ban taɓa tambayarsa abin da suke yi ba. Na san dai tsofaffin ma'aikatan jirgi ne suka kafa ta, daga baya wasu suka shigo. Na san kaɗan daga cikinsu. Akwai wani dattijo a Gyallesu, tsohon direban jirgi, shi ne babbansu. Akwai wani hedimasta mai saurin fushi. Akwai wani Ibo mai kemis, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi ta wasu Hausawan. Shi ne ya ba ni jini lokacin da aka yi mini aiki a haihuwar ɗanmu na fari. Abin da na sani ke nan, kuma ya ishe ni.

Bayan maigidana ya yi ritaya, yaranmu duk sun kama gabansu, sai aka kawo sabon malami masallacin layinmu. Matashi ne, ba zai wuce sa'ar ɗanmu na fari ba, amma yana da karatu, kuma ba ya zagi. Kullum safiyar Lahadi yana karantarwa, lasifika na kawo mana har tsakar gida. Ina son karatunsa. Abubuwa da yawa na gyara a sallata ta dalilinsa, ba zan ɓoye ba.

Wata Lahadi ina tsince shinkafa na ji ya shiga maganar ƙungiyoyin asiri. Ya ce akwai mutane a garin nan da ke taruwa su rufe ƙofa, su rantsar da juna da abin da ba Allah ba, su yi wata irin gaisuwa da hannu wadda su kaɗai suka san ta, kuma su kira wanda ba ya salla ɗan'uwa, su fifita shi a kan maƙwabcin da suke sahu ɗaya da shi. Ya ce shi bai shiga ɗakin ba, bai ga abin da ake yi ba, amma me ake ɓoyewa in alheri ne? Bai ambaci kowa ba. Na ɗaga kai na dubi takalmin maigidana na wanka a bakin rijiya, na san yana can cikin masallacin a sahun gaba, inda ya saba zama.

Da ya dawo na ce, "Alhaji, yau karatu ya yi zafi."

Ya ce, "Yaron yana ƙoƙari." Ya kunna rediyonsa.

Da maganar ta tsaya nan da ta mutu. Sai Allah ya yi wa dattijon nan na Gyallesu rasuwa. Na je gaisuwa ranar uku, a gabana abin ya faru. 'Yan Asabar suka zo su goma sha wani abu, duk da fararen kaya, har da Ibon nan da wasu Kiristoci biyu. Suka yi gaisuwa a waje, sannan uku daga cikinsu, da maigidana a ciki, suka nemi iso suka shiga turakar mamacin tare da babban ɗansa. Ba su daɗe ba suka fito, hedimasta na rungume da wani ƙunshi a cikin farin ƙyalle, ɗaure da igiya. Wata tsohuwa kusa da ni ta taɓa ta gefenta da gwiwar hannu. Ni ma na bi ƙunshin da ido har ya fita zaure.

Kafin sati ya zagayo ƙunshin nan ya zama abubuwa iri-iri a bakin mutane. Wasu suka ce layu ne. Wasu suka ce ƙwarya ce da suke shan wani abu a ciki ranar rantsuwa. Maƙwabciyata, wadda muke raba katanga, ta leƙo ta ce mini ta ji an ce gashin mamacin da farcensa suka yanka, wai haka dokarsu take. Na ce mata ai an binne shi kwana biyu kafin su zo. Ta ce, "To, ni dai haka na ji. Ke da kike kwana ɗaki ɗaya da shi ai kin fi mu sani." Ta tsaya tana jiran in ce wani abu.

Abin da ya dame ni shi ne ban fi su sanin ba.

A masallaci aka fara canja wa maigidana. Da can in liman bai zo ba, shi ake turawa gaba. Wata la'asar liman ya yi tafiya, ladan ya tayar da iƙama, ya waiwaya ya tsallake shi da ido, ya jawo wani mai shagon siminti. Ba shi ya gaya mini ba, a Islamiyyarmu ta matan aure na ji. Can ma na lura in na shigo hira takan canja, a koma maganar tsadar gas.

Na fara kallonsa da wani ido. In ya gaisa da baƙo a ƙofar gida sai in leƙa ta labule in ga yadda ya riƙe hannun. In wayarsa ta yi ƙara ya fita zaure, sai in rage aikin da nake yi in kasa kunne. Mutumin da na san yadda yake tari, na san ƙafar da yake fara sawa a takalmi, sai ga shi ina lissafin minti nawa ya yi a zaure. Wata rana da hantsi ya tafi gyaran babur, na buɗe akwatinsa na ƙarfe. Na tarar da takardun fansho, da hotuna, da wani ɗan littafi na Turanci da aka buga da tafireta, dokokin ƙungiya. Na zauna bakin gado na karanta shi kaf. Maganar zuwa taro a kan lokaci, maganar duba mara lafiya, maganar kada a kawo siyasa. A shafi na ƙarshe an rubuta cewa sabon shiga zai yi rantsuwa a gaban 'yan'uwa, kuma kalmomin rantsuwar ba a rubuta su, baki da baki ake karɓa. Wannan layin na yi ta maimaitawa. In ba komai, me ya hana a rubuta?

Ranar na tambaye shi, bayan ya ci abinci. Na ce, "Alhaji, mene ne a cikin ƙunshin nan?"

Ya ce, "Takardu ne."

"Takardun me?"

"Na mutane."

"To rantsuwar fa? Da me kuke rantsewa?"

Ya dube ni ya ɗan jima, na san ya gane na taɓa akwatin. Ya ce, "Malama, shekara nawa muna tare? Kin taɓa ganin na bar salla, ko na kawo wani abu gidan nan da ba ki gane ba?"

Na ce ban gani ba. Ya ce to. Ya tashi ya yi alwala.

Wannan "to" ɗin ne ya tunzura ni. Malamin yana da wani akwatin katako a bakin masallaci, ana jefa tambaya a rubuce ba suna, ya amsa ranar Lahadi. Na yago takarda daga tsohon littafin darasi na rubuta. Na ce mace ce mijinta yake cikin wata ƙungiya mai rufe ƙofa, yana da baji da yake ɓoyewa a gidan tabarau, ta tambaye shi rantsuwarsu ya ƙi faɗa. Mene ne hukuncin zamanta da shi, kuma ya halatta ta ci gaba da binsa salla in sun yi nafila a gida? Na naɗe, na jefa da kaina a hanyar Islamiyya. A raina na ce ai mata da yawa ne a unguwa. Ban tsaya na yi tunanin cewa mai ɓoye baji a gidan tabarau mutum ɗaya ne ba.

Ranar Lahadi na ji tambayata ta fito daga lasifika, kalma bayan kalma, da muryar wani. Ban taɓa jin abin da na rubuta ya yi muni haka ba. Malam ya amsa da sauƙi, ya ce aure yana nan, kada ta yanke hukunci a kan zato, ta yi masa nasiha, shi kuma mijin ya ji tsoron Allah ya fito daga abin da ke sa iyalinsa cikin shakka. Amma na ji guna-gunin mutane a bayan muryarsa. Tukunyar da ke kan wuta ta kama, ban ma ji ƙaurin ba sai daga baya.

Maigidana ya shigo da sallama kamar kullum. Ya cire hula ya rataye. Ya zauna kan kujerarsa ta tsakar gida, bai kunna rediyo ba. Can ya ce, "Malama, tambayarki ta tsaru. An ga aikin koyarwa."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ban ce kin yi laifi ba. Da ma ni kika ƙara tambaya." Sati biyu muna gaisawa, ina ba shi abinci yana ci, yana cewa an gode. Mu da ba ma godiya a kan tuwo.

A cikin satin nan 'yan Asabar suka taru a zaurenmu da la'asar, ba ranar taronsu ba, ba kuma fararen kaya. Na kai musu zoɓo, na dawo na tsaya bayan ƙyaure. Ban ji kunyar laɓewar ba, na riga na wuce nan.

Hedimasta ne ke ta faɗa. Ya ce a kai ƙara wurin mai unguwa, in ta kama a ɗauki lauya, yaron da aka haifa jiya ba zai mai da su matsafa ba. Wani mai sanyin murya, tsohon akawu, ya ce shi dai ya zo ne ya yi sallama da su. Surukansa sun aiko, 'ya'yansa sun sa shi gaba, kuma shi kansa tun da ya ji karatun nan zuciyarsa ba ta kwanta da rantsuwar ba. Hedimasta ya ce masa matsoraci. Sai Ibon ya yi dariya, ya ce, "Ku naku da sauƙi. Ni fastonmu ya hana ni karatu a gaban coci tun bara. Ya ce ina cin abinci da Musulmi a ɗaki rufe, wai an ba ni wani abu na sha. Matata har ruwan addu'a take yayyafa wa rigata in na dawo." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Na tsaya ina tunanin matar nan da ban taɓa gani ba.

Maigidana bai yi magana ba sai ƙarshe. Ya ce ba lauya, ba mai unguwa. A kira malamin a zauna da shi, abin da za a iya faɗa a faɗa masa. Hedimasta ya ce in aka buɗe masa ƙofa ɗaya sai ya nemi ta biyu. Maigidana ya ce ya nema, ba dole a ba shi ba. Akawun nan kuwa bai jira ba. Ranar Juma'a ya miƙe a masallacin unguwarsu bayan salla ya ce ya fita daga ƙungiyar, ya tuba. Da aka tambaye shi abin da suke yi a ciki ya ce shi dai ya fita. Wannan ya ƙara wa mutane zargi, ni ma ya ƙara mini. Mutum ya fita, ya tuba, amma har yanzu bakinsa a rufe?

Malam ya ƙi zuwa Kwangila, ya ce ba zai taka wurin ba, amma zai zo gida. Ya zo wata Talata da hantsi shi kaɗai. Maigidana ya shigo da shi har falo, ga hedimasta ga Ibon. Na gaishe su zan fita, maigidana ya ce, "Zauna, Malama. Ke ma kina da tambaya." Malam ya sunkuyar da kai. Na zauna a bakin ƙofa, fuskata kamar an watsa mata barkono.

Malam ya ce, "Baba, ni ban zo cin mutunci ba. Abu uku nake son ji. Me kuke yi in kun rufe ƙofa, me kuka ɗauko a ɗakin mamaci, kuma da me kuke rantsuwa."

Maigidana ya ce in sun rufe ƙofa kowa yana faɗar abin da ke damunsa, irin wanda namiji ba ya iya faɗa a majalisa ko a gaban iyalinsa. Wani ɗansa ya faɗa shaye-shaye, wani likita ya gaya masa abin da bai gaya wa matarsa ba, wani an kama ƙaninsa. Sai a ga wanda zai iya yin wani abu a kai, a yi shiru a yi. Ƙunshin kuwa wasiƙu ne da 'yan'uwa suka rubuta wa dattijon a tsawon shekaru, da wasiyyar wasu da suka ba shi ajiya.

Malam ya ce, "A nuna mini ko guda ɗaya."

"Ba za a nuna ba."

"To ta yaya zan san haka ne?"

"Ba za ka sani ba, Malam. Sai dai ka yarda ko kada ka yarda."

Hedimasta ya fara cewa ai ko likita ba ya buɗe fayil ɗin mara lafiya, maigidana ya taɓa masa gwiwa, sai ya bar maganar. Malam ya juya kan Ibon ya ce, da girmamawa, shi ba ya ƙin maƙwabtaka da kowa, amma 'yan'uwantaka ta addini daban take. Ibon ya ce, "Malam, ni ban ce ni ɗan'uwansa ne a masallaci ba. In lokacin salla ya yi su fita su yi, mu jira su. Jinina dai yana jikin Hajiya, ban san sunan da za ka ba wannan ba." Malam ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya ce Allah ya saka, amma wannan bai amsa tambayar rantsuwa ba.

Su ukun suka dubi juna. Daga nan maigidana ya ce, "Kalmomin ba zan maimaita ba. Amma mutum yana dafa ƙirji ne ya rantse da mutuncinsa da na gidansu cewa abin da ya ji a ɗakin ba zai fita ba."

Malam ya gyara zama. Ya ce to ga inda matsalar take, Musulmi ba ya rantsuwa da mutunci ko da iyaye, da Allah kaɗai ake rantsuwa. Ya kawo hujjojinsa a natse. Na zaci maigidana zai yi gardama. Sai na ji ya ce, "Wannan ka fi mu gaskiya. Haka muka tarar, ba mu bincika ba. Za mu mai da shi alkawari, ba rantsuwa ba." Hedimasta ya yi tsaki ƙasa-ƙasa.

Malam ya ce, "Ƙofar fa?"

"Ƙofa tana nan a rufe."

"Gaisuwar hannun fa?"

Maigidana ya yi murmushi kawai. Wannan murmushin ya tsaya mini a rai fiye da duk abin da aka faɗa a ɗakin.

Lahadin da ta biyo Malam ya faɗa a lasifika cewa ya zauna da wasu dattawa, sun karɓi gyara a kan abu ɗaya, kuma bai ga hujjar kiran kowa matsafi ba, masu yaɗa maganar gashi da farce su ji tsoron Allah. Amma ya ce shi har yanzu ba ya ba kowa shawarar shiga abin da ba a ganin cikinsa. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin da ya yi masa. Maƙwabciyata ta ce ai ko Malam sun rufe masa baki. Mutum huɗu suka bar ƙungiyar a shekarar. Hedimasta ya yi wata uku yana fushi a kan canja rantsuwar, sannan ya koma. Maigidana bai sake jan salla a masallacin layinmu ba, ko da aka tura shi wata rana ya ce ƙafarsa na ciwo.

Ni da shi mun shirya a hankali. Na ba shi haƙuri a kan takardar, ya ce ya wuce. Wata rana muna zaune yana gyara eriyar rediyo na ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, abin da ka gaya wa Malam shi ke nan?"

Ya ce, "Abin da na gaya masa gaskiya ne."

Na ce, "Ba haka na tambaya ba."

Ya ce, "Na ji abin da kika tambaya."

Akwai kuma wani tunani da ya zo mini daga baya, wanda ya fi na layu da ƙwarya nauyi. In abin da ya faɗa gaskiya ne, to shekara da shekaru yana zuwa Kwangila yana gaya wa hedimasta da mai kemis abin da bai gaya mini ba. Me ya faɗa musu? A kaina ne, ko a kan yaran, ko wani ciwo ne yake ɓoyewa? In Ibon ya gaishe ni a hanya da fara'arsa, sai in riƙa duban fuskarsa ina neman abin da ya sani.

Kwanakin baya ɗanmu na fari, wanda ke aiki a Kaduna yana da 'ya'ya uku, ya kira ni da rana. Bayan gaisuwa ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Inna, Baba ya ce in ina so zai gabatar da ni wurin mutanensa. Me kika gani?"

Na ce, "Kai me ka gani?"

Ya ce shi bai ga aibu ba, amma ba ya son ya yi abin da raina ba zai kwanta da shi ba. Na yi shiru har ya ce, "Inna, kina ji na?" Na ce ina ji. Na ce masa ya je ya zauna da ubansa ya tambaye shi komai, tun daga gaisuwar hannu har abin da ake faɗa in an dafa ƙirji, sannan ya kira ni ya gaya mini, sai in ba shi shawara. Ya yi dariya ya ce to, Inna.

Ya zo Zariya sau biyu tun daga lokacin. Yana kirana duk Juma'a, mu yi hirar jikoki da ciwon gwiwata. Bai sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaye shi ba tukuna.